Alkyabbar Mutum Na Biyar

Aljiyas, 12 ga Oktoba, 1971

Zuwa ga Nanna Tasadit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen Tala duka. Yaya ƙafar nan taki? An ce mini har yanzu kina hawa dutse ɗebo itace kamar wadda aka yi wa dole. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kuskus ɗin birni da ba shi da maraba da yashi.

Albishirinki. Labarin da na daɗe ina rubutawa, hukumar fim ta karɓa. Labarin gadar nan ne, na mutum biyar ɗin da suka fita daga garinmu cikin hunturun yaƙi don su karya hanyar motocin sojan Faransa. Na sauya sunayensu da sunan gari, kada wani ya ce an taɓa nasa.

Irin wannan fim yana da ƙa'ida kamar saƙarki, Nanna, ba a jefa zare inda aka ga dama. Kashi uku ne: a tara mutane, a yi tafiya, a yi aiki. Kuma kowa da kayan da yake ɗauke da su. Akwai shugaba, wanda ba ya dariya don ran kowa na wuyansa. Akwai gwanin nakiya, mai taurin kai, ba ya shiri da shugaba amma ba a iya yi sai da shi. Akwai mai barkwanci, shi muke sa 'yan kallo su so, sannan mu kashe shi a tsakiyar hanya don su san ba wasa aka zo yi ba. Akwai saurayin da ya baro budurwa a gida. Na biyar ɗin kuwa har yanzu muna ja-in-ja a kansa da darakta, wani mutum mai suna Si Rabah, wanda ba ya jin magana sai tasa.

Ga roƙona. Kayan da telolin nan suka ɗinka wa 'yan wasa sun yi kyau da yawa, kai ka ce angwaye ne za su gidan biki. Ki tambayar mini cikin gari ko akwai mai tsofaffin kaya na lokacin, a ba direban motar Talata. Za a mayar wa kowa da nasa.

Ɗanki,
Lunis


Tala, 30 ga Oktoba

Lunis ɗan Wardiya,

Na ga takardarka, na gode Allah da kana lafiya. Ƙafa tana nan, ita da ni ba wanda zai bar wani. In kuskus ɗin birni yashi ne, ka yi aure, wa ya hana ka?

Wato ku aikinku ke nan, ku sa mutane su so mutum sannan ku kashe shi. Allah ya shirye ku. Mai barkwancin naka Belaid ne, na gane shi ko ka sa masa sunan aljani. Amma ka sani ba a tsakiyar hanya ya mutu ba, kuma ba shi da ban dariya in yana jin yunwa.

Na ƙirga mutanenka da yatsu. Shugaba Amukran ne mijin Feruja, sauran ma na san su. Na biyar da ka ƙi faɗa, wa ya rage in ba mijina ba? Kana ɓoye mini ne don ka ba ni mamaki, na sani, tun kana yaro haka kake. Ban tambayi kowa kaya ba. Na buɗe akwati na ɗauko alkyabbar mijina, Dadda Akli, wadda ya fita da ita daren nan ya dawo da ita. Ni na saƙa ta da hannuna shekarar aurenmu, ga jan zare da baƙi a bakinta, irin da ba mai yi a Tala sai ni. Ko makauniya ta shafa ta a garin nan za ta ce ta Akli ce.

Kai yaro ne lokacin, ba ka san abin da muka sha ba. Huɗu suka mutu, shi kaɗai ya dawo da alfadarin da suka tafi da shi. Ba wanda ya taɓa ce masa komai ido da ido. Sai dai in ya shiga dandali hira ta mutu, in an yanka sa na gari kasonmu ne na ƙarshe, kuma in ya wuce ka ji tsofaffi na cewa ruwa ba ya tsami banza. Feruja tun ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba. Haka ya zauna har tarin nan ya ɗauke shi, bai kare kansa ko sau ɗaya ba.

Jiya a bakin marmaro na faɗa wa mata cewa gwamnati za ta yi fim, kowa ya ga wane ne Akli. Feruja na wurin, ta yi kamar tulunta ne kawai a duniya. Na yi barci mai daɗi, Lunis, irin wanda na manta da shi. Na sa maka busasshen ɓaure da kwalbar man zaitun cikin ƙunshin.

Nannarka,
Tasadit


Tala, 20 ga Janairu, 1972

Lunis,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? An gama tsinkar zaitun, ƙanƙara ta rufe hanya ta buɗe, ba takardarka ba labarinka. Direba ya rantse ya kai ƙunshin har ƙofar ma'aikatarku, wata mata ta karɓa. In ka zama babban mutum ne ba ka da lokacin ƙauyawa, ka aiko da layi ɗaya mu sani. Mata kullum sai sun tambaye ni yaushe fim zai zo, wasu da zuciya ɗaya, wasu da biyu.

Tasadit


Aljiyas, 9 ga Maris

Nanna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Ciwon shawara ne ya kwantar da ni asibiti tun farkon Nuwamba, idona ya yi kamar kwaiduwar ƙwai. Yanzu na tashi. Takardunki biyu sai makon jiya suka zo hannuna tare, don a ma'aikata aka ajiye su.

Zan faɗa miki kai tsaye. Ban ce ki aiko da alkyabbar Dadda Akli ba, kuma ban ɓoye na biyar don in ba ki mamaki ba. Na ɓoye shi ne don kunya. Si Rabah ya dage cewa fim irin wannan ba ya tsayuwa sai da maci amana. Ya ce in sojoji suka tare mutanenmu haka kawai, ɗan kallo zai fita yana tambayar wa zai tsana, kuma ɗan kallo ba ya biyan kuɗi don ya koma gida da tambaya. Ni na so na biyar ya zama mai kula da alfadari kawai. Ya yi dariya ya ce, "Mai alfadari ba mutum ba ne a fim, kaya ne." Ina kwance suka tafi duwatsun gabas suka ɗauki fim ɗin yadda yake so.

Ƙunshinki ya faɗa hannun mai raba sutura. Ita ba ta karanta labari, awo take dubawa. Ta ga alkyabba doguwa, ta duba wa ya fi kowa tsawo cikin 'yan wasa, ta ba shi. Shi ne maci amanar. Ɓauren ma su suka cinye.

Jiya na zauna na kalli abin da suka ɗauko. Ga jan zaren nan da baƙi, ya fito tar, don Si Rabah ya so shi ƙwarai har yana sa a matso da kyamara kansa. Akwai inda mutumin ke tsaye a tantin kaftin ɗin Faransa yana nuna gadar a taswira, yana sanye da ita.

Na roƙa a sake ɗauka. Suka ce ƙanƙara ta narke, zaren fim daga waje ake sayo shi, ɗan wasan kuma ya tafi Tunis wani aiki. Na ce to a rubuta a farko cewa duk ƙirƙira ce. Suka yarda da wannan.

Ɗanki mai laifi,
Lunis


Tala, 21 ga Maris

Lunis,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan na faɗa don uwarka ta shayar da 'yata lokacin da nonona ya ƙafe.

A rubuta a farko, ka ce. Mata nawa ne a Tala suka iya karatu? Ni ma sai da na yi furfura na koya, kana ganin rubutuna kamar tafiyar kaza. Waɗanda suka iya ɗin ma, in sun karanta, sai su ga alkyabbar su manta, gani ya kori ji. Da can raɗa ce ake yi a bayan Akli. Yanzu gwamnati za ta zo da mota da wuta ta haska a bangon makaranta, ya fi mutum tsawo, jikokinsa na zaune a gaba.

Kuma ni na kai musu da hannuna. Ni na naɗe ta, na sa mata ganye mai ƙamshi don kada asu ya taɓa. Ni na tsaya a marmaro na buɗe baki. Magana zarar bunu ce, ta ina zan mayar da ita?

Shi wannan Si Rabah, a ina ya yi yaƙinsa? Ka tambayar mini shi, in mutum huɗu suka mutu dole ne sai an sayar da su? Ba a mutuwa don jirgi ya hangi sawu a kan ƙanƙara, ko don kare ya yi haushi? Mu da muka binne su ba mu san dalili ba har yau, shi ya sani daga kan kujera.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Na daina zuwa marmaro da safe, sai rana ta take ba kowa. Raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye maka ba.

Tasadit


Aljiyas, 4 ga Afrilu

Nanna,

Ina gaisuwa, kuma na karɓi faɗanki, na cancanci fiye da haka. Jiki ya yi ƙwari. Ki saurare ni, ina jin na sami mafita, har Si Rabah ya yi tsalle.

Abin da ba ki sani ba, a kan dutse ba a ɗaukar murya, iska ta yi yawa. Hoto kawai ake ɗaukowa, sai an dawo a shiga ɗaki a ɗora magana a kan leɓe. To har yanzu ba a ɗora ba. Ke nan bakin mutumin a hannuna yake. Zan sake rubuta maganganun: ya je tantin kaftin ne da izinin shugaba, ya nuna musu gadar ƙarya don ya janye su. Shugaba ya karaya a hanya, ya so a koma, shi mai alkyabba ya tsaya kai da fata. A ƙarshe ɗan kallo zai gane wanda ya tsana tun farko shi ne gwarzon. Wannan ya fi maci amana daɗi, a wurinmu shi ake kira juyin ƙarshe, kuma shi ke sa mutane tafi.

Ki yi tunani, Nanna. Dadda Akli a bangon makaranta, gari na tafa masa. Ki koma marmaro da safe ki ɗaga kai. Ki ba ni amsa da motar Talata, don ranar ashirin za a shiga ɗakin murya.

Ɗanki,
Lunis


Tala, 11 ga Afrilu

Lunis ɗana,

Na ji daɗin jin ka warware. Na ga kuma ka wahala dominmu, Allah ya biya ka. Fushina ya ragu, amma amsata a'a ce.

Kwana biyu na yi ina son in ce e. Na ga kaina a gaban mata, na ga fuskar Feruja, har na yi murmushi ni kaɗai a gaban masaƙa. Sai na sake karanta inda ka ce shugaba ya karaya. Amukran ke nan. An same shi a bakin gadar da harsashi a ƙirji, ba a baya ba, ni na taya wanke rigarsa. Wato ka cire ƙaryar daga kan mijina ka aza a kan mijin wata. An guji gara an faɗa gidan zago. Feruja ba ta gaishe ni, amma ba ta da kowa sai wannan kabarin.

Bari in faɗa maka abin da Akli ya yi, sau ɗaya ya ba ni labarin, yana gyaran takalmi bai ɗago kai ba. Ya ce Amukran ya umarce shi ya tsaya a kwari da alfadari, ko me ya ji kada ya hau, don dabbar ta gari ce, ita ke kai wa mayaƙanmu na daji abinci, in ta tafi sun tafi. Ya tsaya. Ya naɗe mata baki da rawaninsa kada ta yi kuka. Yana jin harbi, yana jin muryoyin da ya sani suna raguwa, yana riƙe da igiya. Da gari ya waye ya jawo ta gida. Waɗanda za su shaide shi duk suna ƙasa.

Ba gwarzo ba ne, Lunis, ba kuma maci amana ba ne. Mutum ne da aka ce ya tsaya ya tsaya, kuma tsayuwar ce ta cinye shi a hankali. In fim ɗinku yana da wurin mai dariya da mai budurwa amma ba shi da wurin wannan, to masaƙarku ce ƙarama. In ba za ka iya sa gaskiya ba, ka cire ƙarya ka bar gurbin. Na fi son rami a zane da faci na sata.

Nannarka,
Tasadit


Aljiyas, 2 ga Yuni

Nanna,

Gaisuwa. Ina lafiya. Na yi shiru ne don ban so in rubuto sai da abin faɗa.

Kafin fim na yaƙi ya fita sai kwamitin tsofaffin mayaƙa ya gani. Na je gabansu na ce ni na rubuta labarin, babu maci amana a cikinsa, kuma suturar da ke jikin mutumin ta wani ce da garinsu zai gane. Wani tsoho mai hannu ɗaya ya tambaye ni ko matar na da rai. Na ce tana nan. Suka ce a cire.

Si Rabah ya kira ni baƙauye a gaban kowa, ya jefo mini almakashi ya ce in yanka da kaina tunda na fi shi sani. Na yanke tantin kaftin, na yanke taswira, na yanke duk inda mutumin ke satar kallo. Abin da ya rage kaɗan ne: yana ɗaura kaya, yana bin bayan sauran, sai can a ƙarshe yana saukowa shi kaɗai da alfadari. Wannan an ɗauke shi ne a matsayin gudun maci amana, amma ba abin da ya gabace shi yanzu, tafiya ce kawai. Ban sa masa kalma ko ɗaya a baki ba.

An nuna a nan makon jiya. Jarida ta ce fim ne marar ƙashin baya, mutane suka mutu ba a san dalili ba. Si Rabah ba zai ƙara aiki da ni ba, an mayar da ni sashen sanarwar allurar rigakafi. Kada ki damu, aƙalla can ba a kashe mai barkwanci.

Amma ki sani, ban wanke shi ba. Mai son zato zai ci gaba da zatonsa. Motar majigi za ta zagayo wajenku bayan girbin sha'ir. In ba za ki iya kallo ba, ki zo nan ki yi mako.

Ɗanki,
Lunis


Tala, 19 ga Yuli

Lunis ɗana,

Ina gaishe ka gaisuwar da ba ta da sauran fushi. Ƙafa ta matsa mini kwanan nan, amma ita ta kai ni filin makaranta ranar Asabar, na zauna a gaba cikin mata. Ban gudu lokacin soja ba, ba zan gudu don farin ƙyallen majigi ba.

Mutanen jarida sun yi gaskiya ta wani wajen, fim ɗin naka yana ɗingishi kamar ni. Belaid ɗinka ya ba mutane dariya, da ya faɗi ƙanwarsa ta fita ba ta dawo ba. Da alkyabba ta fito sai raɗa ta bi sahu, Akli, Akli, kamar iska cikin ganye. Na ji idanu a bayana, ban waiga ba.

Aka yi harbi aka gama. Sai ga shi yana saukowa, dogo, kansa a ƙasa, igiya a hannu. Ka bar shi ya daɗe yana tafiya, Lunis. Haka ya shigo gari ranar nan, ban san yadda ɗan wasan ya sani ba. Sai wani cikin samarin da suka dawo hutu daga Faransa, can wajen maza, ya ce da ƙarfi, "To shi wannan me ya yi? Ya tsere ke nan ya bar 'yan'uwansa?" Wasu suka yi 'yar dariya. Jikata ta ƙanƙame hannuna.

Muryar da ta amsa daga bayana ta fito, kuma shekara da shekaru ban ji ta kusa da ni haka ba. Feruja ce. Ba ta tashi ba, ba ta ɗaga murya sosai ba. Ta ce, "Bai tsere ba. A ƙofar gidana Amukran ya ce masa ya tsaya da dabbar, ko me ya ji. Akli ya roƙa a ba wani, aka hana. Ni ke riƙe da fitila."

Na zaci zan yi murna. Wallahi abin da na ji fushi ne kamar wuta. Ta sani tun ranar. Ta sani yana shiga dandali ana tashi, ta sani yana tari a ɗaki ba mai leƙowa, ta bi gawarsa da ido daga kan soro. Tsofaffi biyu sun zo ƙofata washegari suna murza hula, suna cewa Allah ya jiƙan Akli, mutumin kirki ne. Na ce amin, ban ba su wurin zama ba.

Na tafi marmaro da sassafe don na san tana can. Mu biyu ne kawai. Na tsaya a gabanta na ce, "Feruja, me ya hana ki faɗa yana da rai ya ji?"

Ta daɗe tana kallon ruwa yana cika tulu har ya tumbatsa. Sannan ta ce, "Naki ya dawo."

Ta tsufa, Lunis, ban lura ba sai ranar. Ta sunkuya za ta ɗauki tulun ta kasa. Na kama mata na ɗora a bayanta, ta kama mini nawa. Muka hau tudun tare har muka rabu a mararraba.

Ban yafe ba tukuna. Ka yi mini addu'a in iya kafin ɗayanmu ta riga ɗaya.

Nannarka,
Tasadit